Mai jirgi shi ya san inda yake masa yoyo

Da azahar bas ɗin kamfanin KTEL ta tashi da mu daga tashar Kifissos a birnin Atina na ƙasar Girka, ta nufi Preveza, wani gari a bakin teku, tafiyar awa biyar da 'yan kai. A jakata akwai kayan sawa kala biyu, da dadduma, da tocila mai haske sosai, da 'yar guduma mai kan roba, da sukudireba, da ƙaramin madubi irin na makanikai. Shekara shida ina aiki a tashar jiragen ruwa ta Hamburg ina tara kuɗin wannan tafiya, kuma a tekun Baltik na koyi tuƙa jirgi mai filafilai, wato manyan ƙyallayen nan da ke kama iska su ja jirgi ba tare da inji ba. Duk tsawon lokacin nan a jiragen mutane nake hawa. Yanzu nawa nake nema, kuma kuɗina ba za su kai ga sabo ba, sai tsoho mai shekara arba'in ko fiye.

Ni ɗan Yelwan Yauri ne. Kawuna ya tsufa yana gyaran kwale-kwale a bakin kogin Neja, kuma tun da jirgin nan ya rabe biyu kusa da Warra a watan Mayun 2021 da mutane fiye da ɗari a cikinsa, ba ya son jin maganar jirgi mai araha. Da na gaya masa na ga wani a intanet, hotunansa sun yi kyau, sai ya ce: "Ɗana, ba a cinikin biri a sama. Ka je ka taɓa shi da hannunka, ka kuma kira ni in ji kukansa."

Mun haye gadar Rio, mun bi ta tsaunukan yammacin Girka, muka shiga Preveza bayan magariba. Watan Afrilu ne, baƙi ba su fara zuwa ba, bakin ruwa shiru sai masu gasa kifin sadin. Da na tsaya na dubi ɗaya gaɓar, inda ake kira Aktio, sai na ga kamar daji ne da aka yi wa sassabe aka bar kututture dogaye. Jigajigan jirage ne, wato dogayen sandunan da ake ɗaura wa filafilai, ɗaruruwa bisa ɗaruruwa, an fito da su tudu an jingine a kan ƙarafa suna jiran bazara. Turawan arewa suna barin jiragensu a nan duk hunturu, kuma da yawa daga masu su sun tsufa ko sun gaji, shi ya sa wurin ya zama kasuwa. Da safe na ɗauki tasi ta ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 2002, don ba a barin mai ƙafa ya bi ta ciki.

Jirgin da na zo dominsa mita goma ne da rabi, ƙirar 1981. Dillalin, mutum mai fara'a, ya ce magada ne suke sayarwa, mai shi ya rasu, suna neman yuro 24,000. Na hau tsani na tsaya a kansa, wallahi zuciyata ta karkata. An goge jikinsa yana ƙyalli, an shimfiɗe doronsa da katakon tik mai launin zuma, ciki kuma kamar ɗakin amarya, katako ja ko'ina da sababbin labule. Na zauna a bakin sitiyari na ɗan lokaci ina hango kaina da iyalina a tsakanin tsibiran Lefkada da Ithaka. Sai na tuna abin da ya kawo ni, na cire takalma.

Da tafin ƙafa ake fara jin doron jirgi. Yawancin jiragen faiba ba a yi doronsu da faiba zalla ba: faiba ce a sama, faiba a ƙasa, a tsakiya kuma wani katako mara nauyi da ake kira balsa. Muddin ruwa bai shiga ba, abin yana da ƙarfi ƙwarai. To amma wannan katakon tik ɗin da ya burge ni, da ɗaruruwan sukurori aka ɗaure shi, kowane sukuru kuwa ƙofa ce. A wurare da dama 'yan toshiyar da ke rufe kawunan sukurorin sun fita, katakon ya sirance saboda wanki da rana, baƙin ƙaron da ke tsakanin layukan ya tsattsage. Da na taka gefen hagu, kusa da inda wayoyin jigo suke sauka, sai na ji ya lotsa kaɗan a ƙarƙashina ya dawo, kamar an taka katifa. Na shiga ciki, na roƙi dillalin ya bari in kwance allo ɗaya na silin. Bayansa duk zane-zanen ruwa ne masu launin shayi.

A nan na kira Kawu ta bidiyo. Na jingine wayar, na riƙa bubbuga ƙasan doron da gudumar, ina tafiya taƙi-taƙi. Wuri mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, tas-tas. Da na iso gefen hagu sai ƙarar ta mutu, ta koma dum-dum.

"Koma baya," in ji Kawu. "Sake bugawa. To, matsa gaba. Tsaya nan. Ɗana, ni ban san faiba ba, amma na san kukan itacen da ya sha ruwa. Wannan ya sha har ya ƙoshi."

Da doron ne kaɗai, da sai mu zauna lissafi, ko da yake ɓamɓare tik, da yanke faibar sama, da kwashe ruɓaɓɓen balsa a sa sabo, aiki ne da zai iya cinye kwatankwacin kuɗin jirgin. Abin da ya kashe mini jiki a ƙasa yake. Irin wannan jirgi yana da kil, wani faffaɗan ƙarfe mai nauyin tan ɗaya da wani abu da ke rataye a gindinsa, shi ne ke hana iska kifar da shi. Manyan kusoshi ne suke riƙe da shi ta cikin jirgin. Na ɗaga allunan daɓe na haska tocila, sai na ga ramin gindin duk ya yi duhu da tsufa, in ban da wajen kusoshi biyu na baya, inda aka shafa sabon farin fenti. Me zai sa mutum ya fente taƙi uku ya bar saura? Na sa madubin a bayan haƙarƙarin da ke wajen, na ga tsaga siririya da fentin bai kai gare ta ba. Na sauka ƙasa na duba ta waje: inda kil ya haɗu da jikin jirgi akwai layin tsatsa yana zubowa kamar hawaye, goshin kil ɗin kuma an cike shi an daidaita. Wanda ya taɓa ganin jirgin da ya daki dutse ya san wannan alama. Idan goshin kil ya bugi dutse da gudu, gabansa yana fizgowa ƙasa, bayansa kuma ya soki cikin jirgin ta sama, daidai inda aka yi fentin nan.

Na tambayi dillalin ko jirgin ya taɓa hawa dutse. Ya ce bai sani ba. Na ce ina yake a watan Satumban 2020, lokacin da guguwar Ianos ta afka wa tsibiran Kefaloniya da Ithaka da Zakintos ta farfasa jirage a matsayarsu? Ya ce bai sani ba. Shekarar wayoyin jigo? Rasit na gyaran inji? Ya buɗe hannuwa. Ban zarge shi da ƙarya ba, na yarda bai sani ba ɗin, kuma wannan ne ya fi tsoratar da ni. Mutum ɗaya ne ya san tarihin jirgin nan, an kuma binne shi da abin da ya sani. Dillalin ya ce magada za su sauko zuwa dubu goma sha takwas. Na yi masa godiya na sa takalmana. Kyan ɗan maciji ne, amma duk da haka na waiwaya sau biyu kafin in fita daga layin.

Daren nan ban yi barci sosai ba. Kuɗin jirgin sama, kuɗin masauki, hutun da na ɗauka a wurin aiki, duk suna ce mini in koma in yi ciniki. Wannan shi ne haɗarin yin doguwar tafiya domin jirgi guda: mutum yakan ji kunyar komawa hannu rabbana, sai ya fara lallashin kansa cewa tsagar ƙarama ce.

Washegari na koma Aktio ina yawo tsakanin layuka ba da wata niyya ba. A can ƙarshe, kusa da shinge, na ga wani dattijo a kan kujerar roba yana kankare gindin wani ƙaramin jirgi mai launin da ya koɗe. An rataya kwali a jikinsa da rubutun hannu. Na gane ƙirar tun daga nesa: Albin Vega, mita 8.25, wadda Per Brohäll ya zana, aka ƙera fiye da dubu uku a Suwidin kafin a daina a ƙarshen shekarun 1970. Ba ta da faɗi, dogon mutum ma sai ya ɗan sunkuya a ciki. Amma a irinta ne wani Ba'amurke, Matt Rutherford, ya zagaye nahiyoyin Amurka biyu shi kaɗai ba tare da ya tsaya ba, daga 2011 zuwa 2012, kwana 309 a teku.

Dattijon mutumin Holan ne, ya doshi tamanin, gwiwoyinsa sun daina yarda da tsani. Na gaishe shi, na ce Kyaftin, ko zan iya dubawa? Ya ajiye abin kankarar, ya ce kafin in hau bari ya fara nuna mini abin da ba shi da kyau, don kada mu ɓata wa juna lokaci.

Ya zagaya da ni ta gefen dama, ƙasa da layin ruwa, ya nuna mini wasu ƙuraje kamar ƙwayar gyaɗa, sun kai ashirin. Ya ce in kawar da idona, ya huda ɗaya da bakin wuƙa, wani ruwa ya tsarto, ya miƙo mini yatsa in shinshina. Warin ruwan kal ne sak. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Wannan ita ce cutar tsofaffin jiragen faiba da ake kira osmosis: ruwan teku yana ratsa fatar waje a hankali cikin shekaru, ya tarar da ragowar sinadarin da bai gama daskarewa ba, su haɗu su zama ruwa mai tsami da ke kumbura fatar. Sunanta yana firgita masu saye fiye da yadda ta cancanta. Idan ƙurajen ƙanana ne, a fata kawai suka tsaya, ana buɗe su a wanke da ruwan daɗi, a bari su bushe, a cike da ƙaron efoksi. Ya nuna mini tabon waɗanda ya gyara a shekarun baya, ya ce kowace shekara yana ƙirga sababbi ya rubuta.

Ashe rubutun da gaske ne. A cikin jirgin ya ɗauko wani littafi mai baƙin bango, ya kumbura da rasit, ya fara daga 1998, shekarar da ya saye shi. Tagar hagu ta gaba tana ɗiga idan ruwan sama ya zo da iskar kudu, ya canza robarta sau biyu, har yanzu tana ɗan yi. An cire tsohon inji an sa Beta mai ƙarfin doki 14, wanda asalinsa injin Kubota ne mai silinda biyu, ga ranar, ga awoyin aikinsa, ga duk lokacin da aka juye baƙin mai. Katakon da ke tallafe da jigo ta ƙarƙashin rufi, wanda shi ne wurin da masu Vega suke fara dubawa, ya ƙarfafa shi da ƙarfe. Wayoyin da ke riƙe da jigo kuwa shekararsu goma sha huɗu. Ya ce wannan laifinsa ne, kamfanonin inshora galibi shekara goma suke so, kuma in cire kuɗin sababbi daga farashi.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jirgi mai shekara arba'in da wani abu da aka ce ba shi da aibi, ni yanzu ba zan ko hau tsaninsa ba. Kowanne yana da aibi. Abin da nake so in sani shi ne wanne ne za a gyara da kuɗin da ke aljihuna da hannuwana biyu, wanne ne kuma zai kashe mutum a tsakiyar teku, kuma ko akwai wanda ya zauna da jirgin har ya iya bambance su.

Duk da haka ban ajiye gudumata ba. Na bubbuga doron daga goshi har wutsiya, Kawu yana saurare, bai tsayar da ni ko sau ɗaya ba. Kil ɗin Vega ba a rataye yake da kusoshi ba, an zuba nauyin ne a cikin jikin jirgin aka rufe da faiba, don haka sai na kwanta a ƙasa na duba gindinsa ko ya taɓa fashewa ruwa ya kai ga ƙarfen ciki. Lafiya lau, sai ƙarce-ƙarce. Na bi duk famfunan da ke huda jikin jirgi a ƙarƙashin ruwa, na bayan gida da na inji da na wurin wanke-wanke, na murɗa kowanne, na kankare jikinsa kaɗan da sukudireba. Tagulla mai lafiya rawaya take fitowa. Ɗaya ya fito ja-ja kamar naman kifi, alamar gishiri ya tsotse tutiyar da ke cikinsa ya bar shi da gautsi. Irinsa yana iya karyewa a hannu, kuma rami mai faɗin babban yatsa ya isa ya nutsar da jirgi. Na shafa tsumman auduga a jikin wayoyin jigo don ya kama silin da ya tsinke, bai kama ba, amma a gindin waya ɗaya, inda aka matse ta cikin ƙarfe, na ga tsaga kamar gashi. Muka shimfiɗa filafilan a kan tsakuwa, na karce ɗinkin da farce: babban yana da sauran shekaru, na gaban kuwa rana ta cinye zarensa a gefe, yana tashi kamar gari. Tiyon gas ɗin girki an buga masa shekara a jiki, ta wuce tuni.

Sai takardu, waɗanda mutane ke mantawa saboda ba sa ƙyalli. A Tarayyar Turai ana iya tambayar mai jirgi shaidar biyan harajin VAT. Tsohon jirgi da aka fara amfani da shi kafin 1985, kuma yana cikin Tarayyar a ranar 31 ga Disamban 1992, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya biya, in akwai hujja. Dattijon ya zaro wani rasit da ya yi rawaya, na kuɗin ajiyar jirgin a wata matsaya ta Holan a hunturun 1992, wanda mai shi na farko ya ba shi. Ya kuma tuna mini harajin TEPAI da Girka ke karɓa a kan duk jirgin da ya wuce mita bakwai, na kowane watan da yake cikin ruwa.

Muka rubuta yarjejeniya: na ba da kafin alƙalami, kashi goma cikin ɗari, da sharaɗin za a dawo mini da shi idan binciken ƙwararre ya gano babban lahani. Mai binciken ni na nemo ta da kaina, wata injiniya 'yar Girka, ni kuma na biya ta, domin wanda ya biya mai bincike shi ake yi wa aiki. Ta zo da na'urar auna danshi ta shafe yini guda. Kusan duk abin da ta rubuta yana cikin littafin dattijon ko cikin nawa. Da la'asar ta ɗora na'urar a kan allon tuƙi, wato faffaɗan abin da ke juya jirgi a ƙarƙashin ruwa, sai allurar ta haye. Ta nemi izini ta huda ƙaramin rami a gindinsa. Ruwa ya fara ɗiga, mai launin tsatsa, bai tsaya ba har ya cika rabin kofi, alhali jirgin wata shida yana tudu. Ta ce a cikin allon akwai 'yan ƙarafa da aka yi wa walda a jikin sandar, su ne ke juya shi, kuma ƙarfen da ba ya tsatsa ma yana ciwo idan ya daɗe a cikin ruwan gishirin da iska ba ta kai masa. Ta sa na riƙe sandar tuƙi gam ta sama, ita kuma ta tura allon da ƙarfinta. Bai motsa ba. Ta ce za a iya fita gwaji a rana mai kyau kusa da gaɓa, amma kada a yi tafiya mai nisa sai an tsaga shi an ga ciki.

Dattijon ya daɗe yana kallon kofin nan. Ya ce shekara ashirin da wani abu yana ɗaukar jikokinsa a jirgin, bai taɓa sanin wannan ba. Ban ce komai ba, shi da kansa ya rage kuɗin gyaran a kan abin da muka riga muka cire na wayoyi, farashin ya tsaya a yuro 7,800. Ya buɗe littafin ya rubuta kwanan wata, ya rubuta abin da aka gani.

Bayan kwana biyu aka toshe ramin, aka canza famfon nan mai ja, injin ɗaga jirgi ya sauke mu a ruwa. Kafin a kwance majanyun da ke riƙe da jirgin na ɗaga allunan daɓe na zuba ido minti goma: ƙasa a bushe. Na dafa injin na tabbatar da sanyi yake, don injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye halinsa. Bugu ɗaya ya tashi, ruwa yana fita ta salansa yadda ya kamata, babu shuɗin hayaƙin da ke nuna yana shan baƙin mai. Muka bi mashigin Preveza, inda ruwa ke da ja sosai tsakanin teku da gulbin Ambrakiya, muka fita fili. A wannan ruwan ne Oktabiyan na Rum ya ci rundunar abokin hamayyarsa Antoni da sarauniyar Masar Kiliyobatra shekara 31 kafin haihuwar Annabi Isa, a nan ne kuma Hairuddin Barbarosa, kwamandan jiragen Daular Usmaniyya, ya kori jiragen Turawa da Andrea Doria ke jagoranta a 1538. Dattijon yana nuna mini wuraren da hannu, ni kuwa hankalina yana kan jigo. Bayan azahar iskar arewa maso yamma ta taso kamar yadda ta saba, jirgin ya kwanta a gefe ya fara gudu. Na shiga ciki na ɗora miƙaƙƙiyar sanda a ƙarƙashin katakon da ke tallafe da jigo, bai lanƙwasa ba. Na fito na karɓi tuƙi, na sassauta hannuna, ya ci gaba da bin hanyarsa da yatsa biyu kawai a kan sandar. Na kira Kawu na juya masa wayar ya ga ruwa yana wucewa. Ya ce: "Masha Allahu. Amma ɗana, kada ka ɗauki 'ya'yan mutane sai ka ga cikin allon nan da idonka."

Da yamma aka sake fito da jirgin tudu. Washegari ni da dattijon da wani ma'aikacin wurin muka kwance allon tuƙin, aka tsaga shi gida biyu: ƙarfe ɗaya cikin waɗanda ke ciki waldarsa ta cinye fiye da rabi. Muka jingine ɓangarorin a inuwar shinge su bushe, na auna tsawon wayoyin jigo ɗaya bayan ɗaya na rubuta a shafi na gaba na baƙin littafin, na sa shi a jaka tare da gudumar. Motar Atina ƙarfe bakwai na safe take tashi, zan dawo a watan Yuni da sababbin wayoyi da robar tagar hagu.